Asibitin koyarwa ko matsakaicin asibiti: a ina zan yi horon likitan iyali?

Tambaya: "Cif, barka da aiki. Na gama bautar ƙasa bara, na kuma ci jarrabawar share fage ta fannin likitancin iyali. Yanzu Allah ya ba ni gurbi biyu a lokaci ɗaya. Ɗaya a babban asibitin koyarwa na birnin da maigidana yake aiki, ɗayan a wani matsakaicin asibiti a wata jiha, tafiyar awa huɗu, inda aka ce masu neman ƙwarewa su ne riƙe da ɗakin tiyata. Burina in na gama in koma babban asibitin ƙaramar hukumarmu, domin mata na mutuwa a hanya kafin a kai su birni. Kowa a gida cewa yake in ɗauki na koyarwa saboda suna. Wanne zan ɗauka?"

Ƙanwata Dokta, barka da arziki. Gurbi biyu a shekara guda ba ƙaramin rabo ba ne, kin san akwai 'yan ajinku da har yanzu suna leƙen allon sanarwa.

Bari mu fara da abin da mutanen gida ba su sani ba. Takardar da za ki riƙe a ƙarshe ba asibiti ne ke bayar da ita ba. Kwalejoji biyu ne ke da wannan iko: ta ƙasa, wato NPMCN, wadda aka kafa da dokar 1979, mazauninta Ijanikin a Legas, sai ta likitocin Afirka ta Yamma, wato WACP, wadda aka ƙaddamar a 1976. Su ke tsara manhaja, su ke shirya jarrabawa sau biyu a shekara, su ke sa hannu. Wanda ya yi horonsa a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da wanda ya yi a Gombe, da wanda ya yi a asibitin mishan, ɗaki ɗaya za su shiga, malamai ɗaya za su tsare su da tambaya, haruffa iri ɗaya za su liƙa a bayan sunansu. Sunan da ke rubuce a ƙofar asibiti yana da daɗin faɗi a gidan biki, amma mai jarrabawa ba ya ƙara miki maki saboda shi. Abin da ya bambanta wuri da wuri shi ne irin likitan da zai fito daga cikinsa bayan shekara biyar ko shida. Kuma ke kin riga kin faɗi irin likitan da kike so ki zama, shi ya sa amsa miki ba ta yi min wahala ba.

Ki kuma tuna inda wannan fanni namu ya girma. A da ma ba likitancin iyali ake ce masa ba, sunansa likitancin gama-gari, kuma asibitocin mishan na cikin waɗanda suka rene shi: Jankwano a Jos, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, da asibitin Baftis na Ogbomosho, wanda ya zama na Jami'ar Bowen. A irin waɗannan wurare likita ɗaya zai duba mai hawan jini da safe, ya yi wa mai naƙuda aiki da rana, ya ɗaura karaya da yamma. Daga baya manyan asibitocin gwamnati suka buɗe sassan nasu. Don haka in wani ya ce miki matsakaicin asibiti ƙasƙanci ne ga likitan iyali, tarihin fannin ne bai sani ba.

Ni a babban asibitin koyarwa na yi ƙananan shekaruna, ba zan faɗi sunansa ba. Na zagaya sashen haihuwa, na zagaya tiyata, an cika min littafin aiki da sa hannu, na ci kashi na ɗaya na jarrabawa. Sai aka tura ni zaman karkara a wani babban asibitin ƙaramar hukuma. Cikin damina ne. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, aka sauke wata yarinya daga bayan a-kori-kura, kwana biyu tana naƙuda a gida, kan ɗa ya ƙi saukowa, ga zazzaɓi, fitsarinta har ya fara jini. Birni na da nisan awa uku, hanyar kuma ruwa ya cinye. Aka tayar da janareto, ma'aikacin sa barci ya ja ketamin a sirinji, aka miƙo min wuƙa. A wannan lokacin ne na ƙirga gaskiya a raina: aikin haihuwa da yawa na shiga, amma kusan duka ƙarfen buɗe ciki nake riƙewa, ko ina tsotse jini, ko a bar min ɗinkin fata. Waɗanda na yi tun daga yankan farko har ƙulli na ƙarshe ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ko wane da babba a tsaye a kafaɗata.

Wani dattijon nas na ɗakin tiyata, wanda ya fi shekara ashirin yana miƙa wa likitoci kayan aiki, ya kalli hannuna ya gane. Bai tona ni a gaban mutane ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Likita, yanka, ina nan." Shi ya nuna min inda zan ture mafitsara, shi ya ce in sa a tura kan daga ƙasa tunda ya nutse. Uwar ta rayu. Ɗan ya riga ya koma tun kafin su iso. Na fito na zauna a kan benci, ƙafafuna na rawa, ga takardar cin jarrabawa a jakata.

Ba mugunta ce ta sa aka hana ni wuƙa a asibitin koyarwa ba, tsari ne. Sashen haihuwa yana da nasa masu neman ƙwarewar, manya da ƙanana, kowa da littafinsa da yake son cikawa, ga likitocin shekarar gwaji a bayansu, ga ɗalibai. Ke kuwa baƙuwa ce ta 'yan watanni, za ki wuce. In an kawo cikin wajen mahaifa da ya fashe, ɗan gida za a fara kira. Haka a tiyata, haka a ƙashi. A matsakaicin asibiti wannan layin babu shi. Kaba da ta shaƙe, hanjin da taifot ta huda, wankin ciki bayan ɓari, bututun ƙirji ga wanda ya faɗo daga babur, duk ke za su samu, domin babu wani. Wanda zai je ya zauna shi kaɗai a inda kike son zuwa, wannan shi ne abincinsa na kullum.

Amma kada ki yi saurin ɗaure kaya, domin ɗaya ɓangaren ma yana da nasa ramin, kuma ya fi zurfi tunda ba a ganinsa. Akwai asibitin da ke cewa yana horarwa, alhali ma'aikata masu araha yake nema. Za a sakar miki ɗakin tiyata tun watan farko, ki yi ta aiki dare da rana, babu wanda zai tsaya ya ce wannan ɗinkin ba haka ake yinsa ba. Kuskuren da kika yi sau ɗari ba ya zama daidai, hannu ne kawai yake sabawa da shi. Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya fito daga irin wannan wuri, yana shirin jarrabawa karo na uku. A tiyata ya fi ni sauri, wallahi. Na ba shi labarin mai ciwon suga da hawan jini da ƙafa ta fara kumbura, na ce wane magani za ka canza, don me. Ya yi shiru. Shekara huɗu babu wanda ya taɓa tambayarsa "don me". Saboda haka tambayar ba ta tsaya ga ko za a ba ki wuƙa ba. Wa ke tsaye a bayanki a aiki goma na farko, kuma wa za ki kira ƙarfe uku na dare ya ɗauka, ya kuma zo?

Sannan likitancin iyali ba tiyata ba ne kawai, ko da yake mu 'yan arewa buƙata ta sa muna yawan mantawa. Mafi yawan rayuwarki a ɗakin duba marasa lafiya na waje za ki yi ta, wanda muke kira GOPD. A nan ne na ga abin da ya sa na tsaya a fannin. Wata Hajiya, shekarunta sun haura arba'in, ta zo karo na huɗu da "ciwon jiki" da rashin barci. Kati ya cika da maganin maleriya da na taifot, har da ƙarin ruwa. Ina shirin rubuta na biyar sai malamina, da ke zaune a gefe yana sauraro, ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, ya mutanen gida?" Ta ce lafiya lau. Ya yi shiru, bai cike shirun ba. Can sai hawaye. An yi mata kishiya wata shida da suka wuce, babban ɗanta kuma ya faɗa shaye-shaye, ba ta da wanda za ta gaya wa. Ya jawo takarda ya zana mata danginta, wa ke gidan, wa ke tare da ita, wa ke gaba da ita, ya nemo ƙanwarta da za ta riƙa rako ta. Ciwon damuwa ne, an yi ta yi masa allurar sauro. Wannan shirun ba a koyonsa a littafi, sai kin zauna kusa da wanda ya iya. Don haka a duk wurin da za ki, ki tambaya: babban likita yana zama da ƙanana a ɗakin duba marasa lafiya, ko sai dai a gan shi ranar taro? Mutum nawa likita ɗaya ke gani kafin azahar? In ya kai tamanin, ba koyo ake yi ba, rage layi ake yi. Kuma mai hawan jinin da kika gani yau, in ya dawo bayan wata, wurinki zai dawo ko duk wanda ya samu? Wurin da ba ya ba ki marasa lafiyan da za ki bi shekara da shekaru, ya cire wa fannin zuciyarsa.

Yanzu abubuwan da ba a sasantawa a kansu. Na farko amincewar kwaleji. Kowace kwaleji da tata tantancewar, tana iya zama cikakkiya ko ta wucin gadi, tana da wa'adi, tana kuma ƙayyade yawan waɗanda wurin zai horar. Watannin da kika yi a inda amincewa ta ƙare ana iya ƙin ƙirga miki su. Kada ki yarda da "ai muna da ita". Ki nemi ganin takardar, ki duba shekarar da za ta ƙare, ki kuma duba jerin da kwalejin kanta ta fitar. Matsakaitan asibitoci sun fi faɗawa wannan matsalar, domin babban likita ɗaya in ya tafi, amincewar na iya bin sa.

Na biyu kuɗi. Gurbin da aka ba ki na albashi ne a kan tsarin albashin likitocin gwamnati, wato CONMESS, ko kuwa irin wanda za ki yi aiki cikakke amma asibitin ba ya biyan ki, sai dai jiharku ko wanda ya ɗauki nauyinki? In jiha ce, karanta yarjejeniyar shekarun da za ki yi mata bayan kin gama, ko da yake ke da kike son komawa gida wannan ba zai dame ki ba. Dokar horar da likitoci ta 2017 ta samar da asusun da ke taimakawa da kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai, ana kiransa MRTF, amma na asibitocin tarayya ne suka fi cin moriyarsa, na jiha sai in jihar ta amince ta biya, na mishan kuwa ki tambaya da bakinki. Kuɗin jarrabawa, da kwas ɗin bita, da na dabarun bincike, da motar zuwa Ibadan ko Legas da masauki, in daga aljihunki za su fito, albashin watanni ne. Sai yajin aiki. A 2021 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, wato NARD, ta shafe kimanin wata biyu tana yaji, daga farkon Agusta zuwa farkon Oktoba. Irin wannan ya fi taɓa asibitocin gwamnati, kuma duk watan da ya tafi zai iya ture miki zaman jarrabawa guda.

Na uku, wanda matasa ba sa tunawa sai sun kai bakinsa: kundin bincike. Mutane ba sa maƙalewa a kashi na ɗaya na jarrabawa kamar yadda suke maƙalewa a na biyu. Sai kin rubuta shawarar bincike, kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince, kwaleji ta amince, sannan ki fara tara bayanai, ga kuma littafin marasa lafiyan da kika bi har gida. Duk wannan yana hannun mai duba aikinki. Na san wadda shawararta ta yi wata tara a aljihun teburin malaminta, ba don ba ta da kyau ba, don shi kaɗai ne ga ɗalibai da yawa, ga kuma asibitinsa na kansa da yamma. A nan asibitin koyarwa ya kan yi wa matsakaici fintinkau: malamai sun fi yawa, in ɗaya ya ƙi ki koma wurin wani, akwai mai lissafin alƙaluma, akwai 'yan uwa goma da za ku haɗu bayan magariba kuna yi wa juna tambayoyi. Amma ki ƙirga malaman da ido, ba a kan takarda ba. Sashe zai rubuta sunayen manyan likitoci takwas, ki je ki tarar biyu na Saudiyya, ɗaya na Ingila, ɗaya ya zama kwamishina.

Akwai tambaya ɗaya da ta haɗe duk waɗannan, ita nake ba kowa: a shekara biyar da suka wuce, mutum nawa suka shiga, nawa suka fito da cikakkiyar takarda, kuma shekara nawa ta ɗauke su? Kada ki tambayi shugaban sashe, zai ba ki labarin zakaran da ya gama da wuri. Ki tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a cikin masu neman ƙwarewar. In kin samu mai shekara tara yana nan, ki saya masa shayi ki zauna, da ɗan gari akan ci gari.

Maganar gida kuwa ba zan yi kamar ƙarama ba ce. Awa huɗu a takarda ba komai, amma ki haɗa ta da kwanan aiki sau biyu ko uku a mako, da hanyar da ba a bi bayan la'asar saboda halin tsaro, da ciki in Allah ya kawo. Hutun haihuwa haƙƙinki ne, sai dai watannin ba sa shiga lissafin horo, za ki rama su. Na ga mata da suka yi wannan nisan suka gama da kyau, kusan dukkansu akwai uwa ko ƙanwa da ta tare da su, da miji da ya ɗauki abin nasa ne. Na kuma ga wadda ta ajiye a shekara ta uku, ba don karatu ya fi ƙarfinta ba. Ki zauna da maigida ku yi lissafin shekara biyar, ba na wata biyar ba: wa zai riƙa zuwa wurin wa, ina yara za su yi makaranta, akwai gida a cikin asibitin ko haya za ki kama a gari ki riƙa fita ƙarfe biyu na dare. Horon da ba ki gama ba bai amfani matan ƙaramar hukumarku da komai ba.

Da kin ce min burinki ki koyar a jami'a, ko ki riƙe asibitin ma'aikata a Abuja, ko ki duba masu inshorar lafiya a birni, ko ma ki fita waje, da ban ɓata miki lokaci ba, na koyarwa zan ce. A can wuƙa ba ta da yawan amfani, bincike da sanin mutane su ne jari. Amma ke ƙauye kika ce. To ga ra'ayina, ba tare da kwana-kwana ba: in matsakaicin asibitin nan yana da amincewa mai sauran shekaru, yana da aƙalla manyan likitocin iyali biyu da ke kwana a garin, yana biyan albashi, ya kuma yaye mutane kwanan nan, shi za ki ɗauka, muddin an daidaita a gida. Sai ki nemi a rubuta miki tun yanzu inda za a tura ki ki yi zagayen da ba su da shi, kamar taɓin hankali, ido, kunne da hanci, hoton ciki, da wanda zai biya kuɗin zaman. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗi, musamman amincewa ko malamai, ki ɗauki na koyarwa ba tare da baƙin ciki ba, amma ki shiga da sanin gibin da za ki cike da kanki. Manhaja ta tanadi zaman karkara, kada ki nemi a sauƙaƙa miki shi kamar yadda wasu ke yi, ki nemi inda aiki ya fi yawa. Ki roƙi a bar ki ki riƙa kwana a asibitin jiha mai cunkoso lokacin hutunki. Ki koyi allurar baya ta kashe zafin tiyata da sikanin da hannunki, domin inda za ki babu mai yi miki su. Ki yi abota da nas-nas na ɗakin haihuwa, su ke sanin wanda za a tasa in an kawo aiki.

Gani ya kori ji. Kafin ki sa hannu a ko'ina, ki je wuraren biyu, ba ranar da aka gayyace ki ba, wata Talata haka kawai. Ki leƙa ɗakin da masu kwanan aiki ke kwana, ki ga ko akwai ruwa da makulli. Ki tambayi ma'ajiyar jini leda nawa ke cikin firij a ranar. Sannan ki roƙi nas ɗin ɗakin tiyata ya buɗe miki babban rajistan aiki, ki koma wata uku baya, ki bi layin da ake rubuta wanda ya yi aikin, ba layin mataimaki ba. Ki ƙirga sau nawa sunan mai neman ƙwarewa a likitancin iyali ya fito a wurin, ki kuma duba ko a shafukan sababbin shiga akwai sunan babba a kusa da nasu. In kin dawo ki rubuto min abin da kika ƙirga a kowanne, da shekarar da ke jikin takardar amincewar. Ki gaida maigida.